Fitila a Cikin Asabari

Asabar, bayan la'asar

Baba, ka gafarce ni. Na san ban isa in ɗauki biro in rubuta maganarka ba, kuma Inna ta sha hana ni kai zancen gida waje. Amma tun ina ƙarama ban iya yi maka magana ido da ido ba, balle yanzu, ga shi abin ya cika mini ciki. Ba ka karanta boko, ba za ka taɓa ganin wannan ba, duk da haka ina neman afuwa. Daga nan zan riƙa cewa "Baba" kamar ba da kai nake ba, saboda in na rubuta "kai" sai in kasa ci gaba.

Sunana Amatullahi, ina aji biyu na babbar sakandare. Tun da 'yan bindiga suka ɗauke Baba a gona muka baro ƙauyenmu da ke bayan Maska, muka tare a Funtua gidan yayansa, Baffa Ɗanjuma. Ɗaki ɗaya aka ba mu, ni da Inna da kakata Tsohuwa. Yanzu Baba ya dawo. Da farko a shagon ƙofar gida aka sa shi, bai iya kwana shi kaɗai ba, sai Tsohuwa ta ce a shigo mata da ɗanta. Mun zama huɗu ke nan. Alhamdu lillahi. Haka kowa yake cewa, ni ma haka nake cewa.

A makaranta Malama Fibi, mai koya mana zane da ƙira, ta ce kowace ɗaliba ta ƙera wani abin amfani na ɗaki kafin ƙarshen zango. Da aka zo kaina na ce asabari zan yi, mai tsayuwa da ƙafarsa ya raba ɗaki biyu, kuma da fitila a jikinsa. Ƙawata Sakinatu ta tuntsire da dariya ta ce, "Asabari da fitila? Ke gidan biki za ki buɗe?" Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce in kawo zane.

Litinin, da hantsi

Baba ba ya son duhu. Baba kuma ba ya son tocila. In ɗaki ya yi duhu sai ya fara kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba. In aka kunna tocila hasken ya taɓa fuskarsa, sai ya zube ƙasa ya ɗora hannu biyu a ka.

Ga kuma 'yan barka da arziki, kullum ba sa yankewa. Ba a hana mutum shigowa gaisuwa, in an hana a ce gidan ba mutunci. Su zauna su yi addu'a, idonsu na kan ƙafafunsa, wajen idon sawu. Jiya wata ta ce, "Malam Mahadi, wai me suke ba ku ku ci?" Ya juya ya fuskanci bango har ta tafi.

Abin da nake so shi ne wurin da ba a kallon sa, da hasken da ba ya nuna shi.

Laraba, da yamma

Maƙwabcin Baffa, Malam Yabo, ya gama girbin dawarsa, ya kawo mini ƙunshin kara har ƙofar gida. Mutumin kirki ne. Na wanke fararen buhunan taki da sabulu na shanya. Mai gyaran fitilu na bakin kasuwa yana da tulin matattun tocila a kwali, ni na kasa buɗe baki, Sakinatu ce ta ce masa, "Malam, gawarwakin nan jana'iza suke jira ko kyauta?" Ya yi dariya ya ce mu kwashe. Ya nuna mini yadda ake ciro ƙananan ƙwayayen, da yadda ake haɗa su da waya zuwa batirin fitilar caji.

Ƙyaure uku zan yi, kowanne ya fi ni tsawo kaɗan. Igiyar rama za ta haɗa su don su riƙa naɗewa.

Alhamis, da safe

Jiya ma ba a yi barci ba.

Jumma'a, bayan an sauko

Ina tsakar gida ina fere kara Baffa ya kira Inna bakin ƙofa. Bai rage murya ba, ko dai bai gan ni ba, ko bai ɗauke ni a bakin kowa ba.

Ya ce, "Atu, maƙwabta sun fara magana. Yarana ba sa barci, ku ma ba kwa yi. Akwai malami can hanyar Matazu, irin wannan aikinsa ne."

Inna ta ce, "Yaya, an ce mari ake sa musu a can."

"Don kada su ji wa kansu ciwo ne."

Tsohuwa daga cikin ɗaki ta ce, "Kai! Ka duba ƙafarsa kuwa? Shaidar wancan ƙarfen ba ta warke ba, za ka kai shi a sa masa wani?"

Baffa ba mugu ba ne. Shi ya shiga daji inda kowa ya ƙi shiga, shi ya goyo Baba a babur ya ɗaure shi a bayansa da rawani don kada ya faɗi. Shi ma ya rame. Daga ƙarshe ya ce, "Zan jira har in gama kwashe masarata. In ya natsu, shi ke nan. In bai natsu ba, kada wanda ya ga laifina."

Masarar Baffa ba ta da yawa bana.

Lahadi, bayan magariba

Na tsayar da asabarin. Na ɗinke ƙwayayen a jikin buhun na kunna. Sai suka fito ɗai-ɗai, kowanne da kaifinsa, kamar tociloli da yawa sun taso daga nesa. Baba ya zube. Na fizge wayar da ƙarfi har ta yanke ni a yatsa.

Ban ci tuwo ba. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Talata, bayan magariba

Na gane. Na cire ƙwayayen daga jikin asabarin, na tara su cikin tsohon kwanon sha, na rataya kwanon a ƙusar da ke bangon ƙofa, nesa da shi. Hasken ya bi ɗakin ya faɗa kan buhun, ya ratsa zuwa wajen Baba a hankali, fari-fari kamar wayewar gari.

Na leƙa ta gefe. Yana zaune yana kallon sa. Bai ɗora hannu a ka ba.

Ya ci tuwo rabin kwano! Tsohuwa ta ce, "Ashe bokon 'yar nan ba cin takarda kaɗai ba ne." Na ce, "Tsohuwa, sai ki biya kuɗin wuta." Ta ce in zo in karɓa a bakin taɓarya.

Alhamis, da rana

'Yan gaisuwa yanzu daga bayan asabari suke gaishe shi. Wata ta so ta leƙa, Tsohuwa ta miƙe ƙafa ta tare hanya ta ce, "Ai yana jin ki, kunnensa ba a bango yake ba." Tun daga lokacin nan ne wurin zamanta, jingine da ƙyauren tsakiya.

Da dare ya yi kira sau ɗaya kawai. Baffa ya ce wa Inna da safe, "To, madalla."

Asabar

Ba zan iya rubutawa yau ba.

Lahadi, bayan azahar

Zan rubuta yadda ya faru, a jere, kamar yadda ake koya mana.

Jiya bayan magariba na kunna fitila. Malam Yabo ya zo gaisuwa, Baffa ya shigo da shi. Ba ya zuwa hannu banza, ya yanko wa Baba rake guda mai tsawo daga fadama, ya saɓo shi a kafaɗa. Ya naɗe kansa da ƙyalle saboda mura. Ya yi sallama, ya tako, ya shiga tsakanin kwanon fitila da asabari.

Ni na gani daga namu ɓangaren. Inuwarsa ta hau buhun, ta yi tsawo har sama, kai a naɗe, doguwar aba a kafaɗa.

Mu mata in mun gifta a sunkuye muke, kuma Baba ya san inuwar ɗankwali. Ban taɓa gwada shi da namiji a tsaye ba.

Baba ya yi ihu, "Sun dawo! Tsohuwa kwanta!" Bai gudu ba. Kan inuwar ya yi da dukan ƙarfinsa. Asabarin ya rufto da shi, Tsohuwa tana ƙasa.

Sai da Baffa da Malam Yabo suka haɗu suka danne shi. Malam Yabo yana ta cewa, "Ni ne, Mahadi, Yabo ne, rake ne, wallahi rake ne," yana kuka kamar yaro.

Hannun Tsohuwa na hagu ya karye wajen wuyan hannu. Ba ta yi ƙara ba. Maɗori ya zo ya nemi karan ɗori, ba a je da nisa ba, cikin tarkacen asabarina ya tsinta ya fere.

Litinin, da safe

Baba bai san abin da ya faru ba. Ya koma fuskantar bango. Tsohuwa ta rufe hannun da mayafi, ta ce duk wanda ya faɗa masa ba ta yafe ba.

Baffa bai jira masara ba. Ya aika wa malamin, an ce a kawo shi ranar Asabar da safe. Ya gan ni ina tattara kara ya ce, "Ke, fitar mini da tarkacen nan."

Na fitar. Na ɓoye a bayan rumbu.

Talata, bayan an tashi makaranta

Malama Fibi ta tsayar da ni ta ce ina aikina. Na ce ya lalace. Ta ce me ya lalata shi. Na ce inuwa.

Ta ɗauki alli ta zana bango biyu a allo, da tazara kamar tafin hannu a tsakaninsu. Ta ce, "Muddin fitila tana waje, duk wanda ya gifta sai ya yi inuwa. Sa ta a ciki. Yadi ta nan, yadi ta can, ƙwayayen a ƙasa suna kallon sama, ki rufe su da farar leda su daina kaifi. Ba mai iya shiga tsakani."

Ina kwafa ta ce a hankali, "Amatullahi, wa ke bayan asabarin nan?"

Na kalli takalmina. Sannan ta ce, "Shi ke nan, ba sai kin faɗa ba. Amma ki gaya wa manyanku akwai likitocin irin wannan a babban asibiti. Mu ma a cocinmu akwai waɗanda suka dawo daga daji."

Na faɗa wa Inna. Inna ta faɗa wa Baffa. Baffa ya ce wannan ba ciwon allura ba ne.

Laraba, da safe

Ba a yi barci ba. An koma kunna aci-bal-bal a bayan tukunya, shi ma rawar harshensa tana firgita shi.

Laraba, bayan la'asar

Buhunan sun yage, kuma yanzu ninki biyu nake bukata. Ina zaune bayan rumbu ina auna abin da ya saura, Tsohuwa ta aiko a kira ni.

Ta ce, "Janyo mini akwatin nan." Na janyo. Ta ce in ɗaga zannuwan sama. A can ƙasa akwai farin yadi sabo, a naɗe, yana ƙamshin turare. Na san ko mene ne. Tun muna ƙauye take ajiye da shi, shi ta fara ɗauka ranar da muka gudo.

Inna ta dafe ƙirji. "Haba Tsohuwa, likkafaninki?"

"To nawa ne ko naki?"

"Mutane za su ce me?"

"Mutane su zo su kwana a ɗakin nan dare ɗaya, sannan su ce." Ta juyo wajena. "Ɗauki, 'yar boko. Ban shirya tafiya ba tukuna. In kuma tafiyar ta zo ba shiri, sai ku kwance ku naɗe ni, in shiga kabari da wutar lantarki."

Inna ta ce, "A'uzu billahi," amma sai da ta yi dariya, tana share ido.

Na ɗauko almakashi na tsaya. Tsohuwa ce ta danne gefen yadin da ƙafa ta ce, "Yanka mana, ba ya jini."

Alhamis, da yamma

Ban je makaranta ba. Sakinatu ta biyo da aka tashi ta taya ni ɗinki. Wannan karon kowane ƙyaure kamar siririn akwati yake, kara biyu-biyu, yadi gaba da baya. Na gicciya kara a ƙasa ya zama ƙafa mai faɗi don kada ya faɗi da sauƙi. Waya ta bi ta cikin ƙasan, batirin yana gefe cikin gwangwanin madara.

Yatsuna duk sun farfashe. Saura gobe kawai.

Jumma'a, kafin magariba

Mun gwada a ɗakin girki, muka toshe ƙofa da tabarma. Ya kama gaba ɗaya, fari sol, ba tabo ko ɗaya. Na sa Sakinatu ta naɗe kai da ɗankwali ta saɓa taɓarya ta yi ta giftawa, ni ina ɗaya ɓangaren. Ba komai. Ta ce, "Kin gan ni?" Na ce a'a. Ta ce, "Yanzu fa? Rawa nake yi fa." Na ce ban gan ki ba. Ta ce, "Asarar rawa."

Tsohuwa ce ta ce a shigo da asabarin ɗaki. Baffa yana gani bai hana ba, ya dai ce, "Mota da safe za ta zo."

Ya Allah, dare ɗaya nake roƙo. Baffa ya ga dare ɗaya.

Asabar, bayan azahar

Ya yi barci.

Tun bayan isha'i har rana ta fito bai motsa ba. Inna ta tashi sau da yawa tana sa kunne ta ji numfashinsa. Mu ne muka kasa barci saboda shirun.

Mota ta zo da hantsi. Baffa ya shigo, Inna ta ɗora yatsa a baki ta nuna masa. Ya leƙa, ya daɗe yana kallo. Ya fito yana tafiya da yatsun ƙafa, ya ce ƙasa-ƙasa, "Bari in sallami direban. Mu ga abin da Allah zai yi." Na shiga bayan ƙofa na cusa mayafi a baki don kada a ji ni.

Kafin Baffa ya kai zaure Baba ya farka. Ya ce, "Atu, ba ni ruwa, rana ta yi ban yi salla ba." Da muryarsa ta da. Ya yi alwala, ya yi salla. Sannan ya zagayo asabarin da ƙafarsa, abin da bai taɓa yi ba, ya durƙusa gaban Tsohuwa ya ce, "Ina kwana, Tsohuwa?"

Don murna ta manta. Ta ɗago hannu biyu za ta shafa kansa, mayafin ya zame.

Ya ce, "Me ya same ki?"

"Santsi ne, a bakin rijiya."

Ya kalli ɗorin. Ya kalli nasa hannuwan, inda kara ya kakkarce shi har gwiwar hannu. Ya kalli Inna, Inna ta sunkuyar da kai. Da a ce jiya ne da bai gane komai ba. Yau ya yi barci, hankalinsa yana jikinsa.

Ya ce, "Ni ne."

Tsohuwa ta ce, "Na ce maka rijiya ce, ƙaryata ni za ka yi?"

Ya miƙe ya leƙa tsakar gida. "Yaya, motar wa nake ji a waje?"

Baffa ya dawo ya faɗa masa gaskiya, ya ƙara da cewa, "Amma na fasa, Mahadi. Ka yi barci jiya."

"Jiya na yi. Gobe fa? Wannan karon hannu ne. In na tashi wata rana na tarar wuya ne, wa zai yafe mini?"

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce, "Baba, laifina ne, ni na sa fitilar inda ba daidai ba. Na gyara. Wallahi na gyara, mun gwada." Ban taɓa jera masa magana mai tsawon haka ba.

Ya dubi asabarin, ya shafa yadin da bayan hannu. Ya ce, "Ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka. Amma ba fitila ce ta danne ta ba."

Tsohuwa ta yi faɗa, ta yi roƙo, ta ce in ya fita ba ta yafe ba. Ya ce, "Ki yafe, Tsohuwa," ya ɗauki hularsa. Baffa kansa ya riƙe masa riga, Baba ya zame.

Inna ta je igiyar shanya ta ciro safata ta makaranta, duka ƙafa biyun da nake da su. Ta durƙusa a bakin zaure, a gaban direba da kowa, ta sa masa ɗaya a kan ɗaya, ta ja su sama har suka rufe idon sawun. Ta ce wa Baffa, "Yaya, ka roƙe su. In za su sa, a kan safar za su sa."

Baffa ya ce, "Zan faɗa."

Lahadi, bayan magariba

Ɗakin ya yi mana girma. Ba wanda ya naɗe tabarmar Baba. Ɗazu na tashi zan cire wayar don batir ya huta, Tsohuwa ta ce in bar shi.

Gobe ne ranar kai aiki makaranta. Ban san abin da zan ce wa Malama ba, ko game da asabari, ko game da safa.

Baffa ya dawo jiya da yamma bai shigo wajenmu ba. Ta bakin matarsa muka ji cewa an karɓi Baba, kuma ba a barin mata su je dubiya. Ba ta ce komai game da ƙafar ba, mu ma ba mu iya tambaya ba. An ce Baffa zai koma in wata ya kama.

Baba, na rubuta abin da bai kamata 'ya ta rubuta a kan mahaifinta ba, ka yafe mini. Zan ajiye biron yanzu. Amma in Baffa ya je ya dawo, ni zan tare shi a zaure in tambaye shi da bakina, ko a kan safar aka sa. Ina roƙon ka yardar mini in sake rubutawa ranar, ko wace amsa ya ba ni.